Ranar da Auta Ya Yi wa Baba Waƙa

Tun da hantsi Zinariya take fama da Baba a kan maganar famfas. Ta ɗauko ta ajiye a gefen katifa, ya sa hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa mai motsi, ya ture shi ƙasa. Ta sunkuya ta ɗauko, ya sake turewa.

"Baba, zaman zai yi tsawo fa," ta ce. "Kuma ba a gida muke ba."

Ya juyar da fuska wajen bango. Tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a kasuwar shanu magana ta ƙwace masa, sai gurnani da kallo. Amma Zinariya ta iya karanta kallon nan. Alhaji Jafaru, wanda a da in ya shiga kara dillalai ke miƙewa tsaye, ba zai zauna gaban manyan Daura da ƙunzugun yara a jikinsa ba.

Ta haƙura. Ta rage masa kokon safe, bayan azahar ta hana shi ruwa, ta kai shi bayan gida sau biyu kafin ta sa masa farar shaddar da Auta ya aiko da ita.

Auta shi ne ƙaninta Abdulbaƙi. Yana yaro shi ake turawa kiran salla a masallacin unguwa, don muryarsa tana kaiwa har bakin titi ba lasifika. Ya tafi Legas karatun lissafi, ya ɓuge da koyon waƙa irin ta Turawa, wadda ake buɗe ƙirji a ja murya tare da goge da fiyano. Daga nan aka ɗauke shi zuwa ƙasar waje. Baba ya yi fushi har ya daina ɗaga wayarsa, daga baya ya sauko, ya riƙa nuna wa abokansa hoton yaron a waya yana cewa ko ba komai ba sata yake yi ba. Yanzu Auta ya dawo da tawagarsa suna zagaya garuruwa, ya ce ba zai wuce ba sai ya yi wa mutanen garinsu waƙa, kuma sai Baba yana zaune a kujerar gaba.

Ita kuwa Zinariya da 'yar jaka ɗaya ta zo daga Kano lokacin da ciwon ya faru, da niyyar yin sati biyu. Mahaifiyarsu ta riga ta rasu. Yayansu Harisu kullum yana hanyar Kudu a bayan tirelar shanu. An gwada ɗauko masu jinya maza, Baba ya datse haƙora ya ƙi cin abinci daga hannunsu har sai da suka tafi. Hutun da ta ɗauka a firamaren da take koyarwa ya ƙare, aka ba wata ajinta. 'Ya'yanta suna wajen surukarta. Mijinta Munzali bai taɓa yi mata faɗa ba, sai dai a 'yan watannin nan ya daina tambayar ranar da za ta dawo, wannan kuwa ya fi faɗan damunta.

Bayan la'asar mota ta zo ta ɗauke su zuwa wani sabon ɗakin taro a hanyar Katsina. A bakin ƙofa wata matashiya mai ɗan waya maƙale a kunne ta tare su da fara'a, ta ce sunanta Rahama, ita ke kula da tsarin taron. Kujerun ɗakin hawa-hawa ne, suna gangarowa daga ƙofa zuwa dandamali, babu inda keken guragu zai bi. Sai da aka samo ƙarti suka ɗaga keken cak da Baba a ciki, suka sauko da shi mataki-mataki har sahun farko. Zinariya tana biye, tana kallon matakalar, tana tunanin wa zai hau da shi in bukata ta taso.

Aka ajiye keken a tsakiyar sahu, ta zauna kusa da shi. Kafin ta gama gyara masa hula an kafa wata babbar kyamara mai ƙafa uku a hannun damansu, an shimfiɗa wayoyi masu kauri a ƙasa. A hagu kuma masu sarauta da manyan 'yan kasuwa suka cika kujeru da manyan riguna da ƙamshin turare. Wasu suka sunkuyo suka gaida Baba, ya ɗaga musu hannu, fuskarsa ta washe rabi.

Rahama ta durƙuso ta yi mata raɗa. "Hajiya, da an fara za a rufe ƙofofi. Ana ɗauka ne don talabijin, ba shiga ba fita har a gama. Kuma don Allah a kashe waya."

"In jikinsa ya motsa fa?"

"In sha Allahu ba abin da zai faru. Ba za a daɗe ba, kafin magariba mun tashi."

Ta wuce kafin Zinariya ta sake buɗe baki.

Aka rage fitilu. Na'urar sanyaya ɗaki tana huro iska daidai kan sahun gaba, Zinariya ta ji sanyin a tafin ƙafarta. Ta san abin da sanyi yake yi wa Baba.

Makaɗa suka fito cikin baƙaƙen kaya. Masu goge suka ɗora gogensu a ƙarƙashin haɓa, wata mata ta jingina wani ƙaton goge a ƙirjinta, wani farin dattijo ya zauna gaban fiyano. A gefe ga mai kalangu da mai sarewa, su kaɗai ne suka yi kama da mutanen gida. Sai ga Auta cikin baƙar kwat da hula zanna, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Ya yi sallama, ɗaki ya amsa, ya lumshe ido.

Waƙar farko da Italiyanci ya yi ta. Zinariya ba ta san ko kalma ɗaya ba. Muryar ta faro a ƙasa, a hankali, kamar mutum yana magana shi kaɗai a ɗaki, sannan ta fara hawa, gogen suna biye da ita, ta hau har Zinariya ta ɗauka nan ne ƙarshenta, sai ta ƙara hawa. Tsikar jikinta ta tashi. Ba ta taɓa sanin ƙirjin ɗan Adam yana ɗaukar sauti haka ba, balle ƙirjin yaron da ta goya. Da ya ja numfashi a tsakiya wasu suka ɓarke da tafi, suna zaton ya gama, wasu suka yi musu shiit, aka ɗan yi dariya, ya ci gaba.

Waƙa ta biyu ta Turanci ce, kalangu ya shigo cikinta yana amsa wa fiyano. Zinariya ta jingina da kujera. Ta manta da sanyi, ta manta da matakala. Rabonta da ta zauna haka kawai, hannuwanta a cinya ba ta riƙe da cokali ko tsumma, ita kanta ba za ta iya tunawa ba. Hawaye suka taru mata ba ta san na mene ne ba, ta bar su.

Hannun Baba ne ya dawo da ita. Ya damƙi tsintsiyar hannunta da ƙarfi har farcensa ya shiga. Ta juyo. Ba dandamali yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Ta bi idonsa. Farar shaddar ta jiƙe daga cinya zuwa gwiwa, ta manne da jikinsa, ruwa yana ɗiga ta gefen keken, jan kafet yana yin baƙi a ƙarƙashinsa.

Ta dubi hagu: rawuna da manyan riguna. Ta dubi dama: kyamara da wayoyi. A baya mutane ne har sama, ƙofofi a rufe, kowace da mai gadi. Ko da a buɗe suke, sai an samu masu ɗaga keken, a bi da shi ta tsakiyar jama'a, kowa ya gani.

Ba ta da komai sai mayafin da ke kafaɗarta. Tun da ta yi aure ba ta taɓa zama gaban maza ba mayafi ba. Ta zare shi, ta ninka biyu, ta shimfiɗa a cinyar Baba kamar mai kare shi daga sanyi, ta cusa gefunan a ƙarƙashinsa. Ta tura jakarta da ƙafa ta rufe inda kafet ya jiƙe. Iskar na'urar ta daki wuyanta da kafaɗunta, ta ji kamar duk ɗakin ita suke kallo.

Ta hango Rahama tsaye a jikin bango. Ta ɗaga mata hannu kaɗan. Rahama ta yi murmushi, ta ɗora yatsa a leɓe. Ta sake ɗagawa, ta nuna Baba. Rahama ta gyaɗa kai, ta ɗaga mata babban yatsa alamar komai yana tafiya daidai, ta juya.

Daga nan Zinariya ba ta ƙara jin waƙa ba. Muryar tana nan, tana cika ɗakin, amma ta zame mata kamar ƙarar injin niƙa da ake jira ya tsaya. Duk lokacin da gogen suka yi ƙasa sai ta gyara zama ta ce an gama, sai fiyano ya ɗauko wata. Zarni ya fara tashi, tana jin sa a ƙarƙashin turaren masu sarauta. Dattijon da ke kusa da Baba ya ɗan shaƙi hanci, ya gyara rawani, ya karkata ɗaya gefen. Baba bai saki hannunta ba. Hawaye na bin ɓarin fuskarsa da ya mutu, bai iya sharewa ba. Ta sa bakin ɗankwalinta ta goge masa.

"Saura kaɗan, Baba," ta raɗa masa. Ba ta san ko saura kaɗan ɗin ne ba.

Sai kiɗa ya tsaya, Auta ya matso bakin dandamali ya koma Hausa.

"Jama'a, waƙar da za ta zo yanzu ba tawa ba ce," ya ce. "Ta mahaifina ce, Alhaji Jafaru. Ina ƙarami yakan tafi da ni kara, in za mu koro shanu da yamma sai ya riƙa rera musu ita. A bakinsa na fara sanin murya tana iya kiran abu ya biyo ka. Ga shi nan zaune tare da mu."

Wata farar fitila ta sauko daga sama ta tsaya a kan keken. Kyamarar ta juyo da bakinta. Ɗaki ya ɗauki tafi, wasu na kabbara. Zinariya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta dafe mayafin da hannu ɗaya, ta ƙaƙalo murmushi.

Sarewa ta fara, gogen suka bi. Auta ya rera: "Fara, juyo gida, rana ta sunkuya. Baƙa, bar kallon daji, hanya tana gabanki." Waƙar Baba ce sak, wadda yake yi da 'yar shaƙaƙƙiyar muryarsa yana kaɗa sanda, yau ga ta an yi mata riga ta alfarma. Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Baba, dogo, mara kalma. Mutanen baya suka ce Allahu akbar, yana amshi. Zinariya da ta san kowane gurnaninsa ba ta iya rabewa ko amshi ne ko kuka ba.

Auta ya sauko daga dandamali yana waƙar, fitila tana biye da shi. Ya zo gaban keken ya durƙusa, ya kai hannu zai ɗaga mayafin ya kamo hannun Baba na dama da ke ƙarƙashi.

Zinariya ta riƙe masa hannu. Ta sunkuyo, murmushin yana nan a fuskarta saboda kyamara.

"Kada ka taɓa mayafin nan," ta ce ta tsakanin haƙora.

Ya dube ta. Gwiwarsa tana kan jiƙaƙƙen kafet, ta ga lokacin da sanyin ya ratsa wandonsa, ta ga lokacin da hancinsa ya gaya masa saura. Muryarsa ta karye a tsakiyar baiti. Gogen suka ci gaba su kaɗai, mai fiyano ya ɗago kai yana neman sa. Auta ya matsa ya tare tsakanin Baba da kyamara da faɗin bayansa, ya ɗora goshinsa a hannun keken, ya ƙarasa waƙar a haka, a durƙushe, da muryar da ba ta kai rabin ta ɗazu ba. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Mata a baya suna sharar hawaye.

Masu sarauta suka fara tasowa za su gaisa da Baba. Auta ya miƙe ya ce cikin makirufo, "A yi mana afuwa, za mu ɗan huta kaɗan. Mai fitila, rage mana haske." Ya kama keken da kansa, ya ture wayoyin da ƙafa, ya zagaya da shi bayan wani labule a gefen dandamali. Ashe akwai 'yar ƙofa a wurin. Zinariya ta ɗauki jakarta, ta ja kujerarta ta ɗora a kan tabon, ta bi su.

Ɗakin canza kaya ne, ƙarami, ba taga, an cika shi da akwatunan goge. A kusurwa akwai ɗan banɗaki da bokiti. Auta ya rufe ƙofa ya jingina da ita.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun waƙa ta biyu."

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Da wa zan yi? Ta ina zan fita?" Ta rage murya saboda Baba. "Kai ka ce sai kujerar gaba. Ka tambaye ni ko zai iya zaman?"

Can ya ce, "Bari in kira wani ya taimaka."

"Wa za ka kira? Mai kalangu?" Ta buɗe jaka ta fito da tsumma da sabulu da famfas ɗin da ta ɓoyo, ta dangwara masa a hannu. "Tun da ya kwanta ni nake wanke shi, Auta. Ni 'yarsa mace. In na zo da ruwa rufe ido yake yi, ni ma in kawar da kai, mu gama ba wanda ya dubi wani. Kai namiji ne. Yau kai za ka yi."

Ya dubi kayan, ya dubi Baba. Ya cire kwat ɗin ya rataye, ya naɗe hannun riga.

Zinariya ta juya musu baya, ta fuskanci ƙofa, tana ba shi umarni. Ya sa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa, ba ta wuya ba. Ya fara zare hannun mai lafiya, sannan mataccen. Ya taɓa ruwan da bayan hannu tukuna. Tana jin nishin Auta, da ƙarar bokiti, da inda ya ce "Sannu Baba, yi haƙuri Baba" ba iyaka. Sau ɗaya ta ji keken ya zame, ta kusa juyowa, ta dake. Da aka zo kan famfas ta saurara ta ji ko Baba zai ture. Bai ture ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo a ranar.

Aka ƙwanƙwasa. Muryar Rahama ce. "Ranka ya daɗe, manyan baƙi suna jira, magariba ta kusa. Saura waƙoƙin rufewa."

"Ina zuwa," in ji Auta.

Ya sa wa Baba wata kaftani tasa da ya zo da ita don canji, ta yi masa yawa. Ya mayar da kwat a kan jiƙaƙƙiyar riga. Idonsa ya yi ja.

"Yaya, akwai wata ƙofar fita ta nan?"

"Ni kake tambaya?"

Babu. Ƙofar ɗaya ce, kuma dandamali take kallo. Rahama ta sake ƙwanƙwasawa, ya fita.

Zinariya ta zauna a kan wani akwati. Ta cikin bango muryar ta sake tashi, a dushe, kamar daga gidan maƙwabta. Baba ya gaji, kansa ya langaɓe, barci ya ɗauke shi. Ta ɗauraye mayafinta a bokiti, ta matse, ta yafa shi da danshinsa. Suna nan har aka yi tafin ƙarshe, har ƙarar takalma ta ƙare, har aka kira magariba a wani masallaci can nesa. Sai da ɗakin taron ya zama ba kowa sannan Auta ya zo da ƙartin nan suka hau da keken.

Washegari da safe ya zo sallama, motar tawagar tana jiran sa za su wuce Abuja. Ya karɓi kofin koko daga hannunta ya ce shi zai ba Baba. Rabi ya shiga, rabi ya zube a tawul, amma Baba ya buɗe masa baki.

"In mun gama zagayen nan zan dawo in zauna da shi," ya ce, bai dube ta ba. "Ki je Kano ki ga yara, ki huta."

"Yaushe ke nan?"

"Bayan Babbar Salla, in Allah ya yarda."

"Shi za ka gaya wa, ba ni ba."

Auta ya ajiye kofin, ya kama hannun Baba ya maimaita. Baba ya daɗe yana kallon sa, bai yi gurnani ba, bai gyaɗa kai ba. A waje direba ya danna hon.

Ta raka shi iyakar zaure. Ya so ta ƙarasa bakin mota su gaisa da mutanensa, ta ce a'a, ta bar Baba a zaune, in aka daɗe yana zamewa. Ya ce ta yafe masa abin jiya. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da ta koma ɗaki ta tarar ya karkace dama, kafaɗarsa ta kusa taɓa katifa. Ta durƙusa, ta sa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa ta ɗago shi, ta cusa masa filo a gefe, sannan ta ɗauki kofin ta ci gaba da ba shi sauran kokon.